Tunkiyar da Ke Tsakanina da Inna

Ni ɗan fari ne, kuma duk wanda ya tashi a ƙasarmu ya san abin da wannan ke nufi. Inna ba ta faɗin sunana, ba ta kallon fuskata, ba ta yi mini magana kai tsaye. Wasu matan sukan sassauta wannan kunya idan yaro ya girma. Inna ba ta cikinsu. Yadda ta karɓi abin daga tsofaffinta haka ta riƙe shi, har na kai shekara arba'in da shida, ina da mata da 'ya'ya huɗu, ina koyarwa a lakwal, makarantar boko, a nan Madarumfa. Gari duk ana ce mini Mushe, wato malam da Faransanci, amma a bakin matar da ta haife ni sunana "wasu mutane".

Kada a ɗauka ba ma magana. Muna yi, da yawa ma. Sai dai maganar ba ta zuwa mini a miƙe, sai ta bi ta turken tunkiya da ke tsakar gida. Idan abincina ya sauka, Inna za ta fuskanci tunkiya ta ce, "Ke, tuwon wasu mutane na nan ƙarƙashin faifai, in ya huce ba ruwana." Ni kuma in sunkuyar da kai in ce, "To, Inna." Ni an yarda in yi mata magana, muddin kaina na ƙasa. Amsar ce ba ta zuwa sai ta hannun dabba.

Ban iya wannan hanya da wuri ba, don a Safo na tashi wurin kakata, sai da na shekara goma sha biyu aka maido ni gida. A satin farko ina zaune bakin ɗaki zan sa takalmi, sai na ji Inna tana cewa, "Ke tunkiya, da ni ce wasu mutane, da ban sa takalmin ga ba." Na dubi ƙafafun tunkiya, ban ga takalmi ba. Na ce a raina matar nan da ban dariya take, na zura ƙafata. Kunama ce a ciki. Ina birgima ina ihu, Inna tana gaya wa tunkiya, "An hwaɗa, ba a ji ba." Sai daga baya wata gwaggona ta ba ni labari cewa bayan rumbu ta zagaya ta yi ta kuka. Tun ranar, idan Inna ta buɗe baki wajen turke, kunnena na can.

Tumakin suna canzawa, amma aikin na gado ne. Uwa ta tsufa a yanka ko a sayar, 'yarta ta hau turke ta ci gaba daga inda aka tsaya. Ta bakin zuriyar tumakin nan aka gaya mini na ci jarrabawa kada in yi girman kai. Ta bakinsu aka nuna mini yarinyar da na aura ta yi. Ranar da mahaifinmu ya rasu ma, tunkiya aka gaya wa cewa yanzu gida ya koma hannun wasu mutane, sai su yi hankali.

Ina da ƙanwa, ita ce auta, tana aure a cikin gari, kullum tana gidanmu. Ita kam tabarma ɗaya suke kwanciya da Inna, su yi gardama, su yi dariya har da tafawa, Inna ta kira sunanta sau goma kafin azahar. Ba zan ɓoye ba, na yi kishin yarinyar nan, har yau ma ban gama ba.

Shekara biyu kafin abin da zan ba da labari, yanar ido ta fara rufe wa Inna gani. Da farko zare ya daina shiga allura. Daga nan ta fara gaida abubuwa. Wata safiya na iske ta durƙushe gaban moto ɗina, babur ɗin da na lulluɓe da buhu, tana tambayarsa ya mai jiki, ta ɗauka maƙwabciyarmu ce. Ta zuba wa kaji gishiri. Abin da ya fi ba ni haushi kuwa, ni ta fi ruɗewa a kaina. In shigo daga lakwal, sai ta juyo gaba ɗaya ta fuskance ni ta ce, "Ga-ruwa, kai ne? Zo ka zamna ka huta. Ka ci abinci kuwa? Na ji muryarka ta dishe." In ce, "Inna, ni ne." Sai ta yi sauri ta kau da kai ta ce wa tunkiya, "Ashe wasu mutane ne." Gobe kuma in zama ƙanenta na garin Sarkin Yamma, jibi mai gyaran rediyo. Wani lokaci sai ta ce in matso ta tantance, ta sa hannu biyu ta shafa fuskata tun daga goshi har haɓa. Akwai wani ɗan tabo ƙarƙashin haɓata, babban yatsanta yakan tsaya a kansa ya jima. Sannan ta sake ni ta ce ba ta gane ba.

Ni da ƙanwata muka kai ta asibiti a Maraɗi. Duk tsawon hanya tana riƙe da hannun rigata, wai ta ɗauka na auta ne, alhali auta atamfa ta sa. Likita ya haska idon ya ce abu ne mai sauƙi, aikin ɗan lokaci ne, ta kwana ɗaya ta koma gida tana gani. Amma ya ce yanar ta nuna sosai, musamman ta hagu, idan aka yi ta jinkiri tana iya ɓata idon yadda ba gyara. Ya ba mu randebu, wato ranar da za mu dawo a yi aikin, wata Alhamis, sati uku a gaba. Na fito ina murna, har na sayo wa Inna kilishi.

Muna isa gida, ko mayafi ba ta cire ba, ta laluba ta nufi turke.

"Ke tunkiya," ta ce, "a hwaɗa ma wasu mutane, idon ga nawa ne. Ba mai taɓa shi."

Nan rigima ta tashi. Na kawo hujja, na kawo Allah da Annabi, na kawo jikoki da za ta so ta gani. Duk abin da na faɗa, sai ta ba tunkiya amsa, tunkiya kuma tana tuƙa tana kallona. Wanda bai taɓa yin gardama da uwarsa ta hannun dabba ba bai san takaici ba. Kana tsaye da karatunka da gemunka, ana kayar da kai, kuma ko fuskar da za ka nuna wa ɓacin rai babu sai ta tunkiya.

Na tura auta ta bincika dalili, tunda ita ana yi mata magana kamar mutum. Kullum sai ta dawo da sabo. Litinin ta ce Inna na cewa ba mai ba tumaki dusa idan ta tafi. Na ce matata za ta ba su. Talata aka ce ana roron wake, ba a barin gida lokacin roro. Na ce Inna rabonta da gona shekara goma. Laraba aka ce ta yi mafarki da farar mota. Na ce za mu nemi baƙa. Alhamis aka ce tsoron wuƙa take.

Wannan na ƙarshen na ɗauka da gaske. Na hau moto har Sarkin Yamma na ɗauko wani tsoho da aka yi wa aikin bara, ya zo da baƙin tabarau ɗinsa na asibiti a aljihu, ya nuna mana shi kamar lambar girma. Aka shimfiɗa masa tabarma gaban Inna. Ya rantse ko cizon cinnaka bai ji ba. Don ya tabbatar mata, ya ce a kawo allura da zare. Ya zura, ya cire, ya sake zurawa, har sau bakwai, yana ɗagawa sama yana cewa, "Kin gani, Hajiya? Kin gani?" Sai a na bakwai ɗin muka tuna matar ba ta gani. Inna ta yi masa godiya, ta sa aka dama masa fura. Da ya tafi ta ce wa tunkiya, "Wasu mutane sun kawo mini baƙo ya zo ya yi shiru ya sha hura."

A sati na biyu aka kira mu malamai wata formasiyo ta kwana uku, horo kan yadda ake kashe rigima ta hanyar magana. Na je ne don an ce dole, amma da mai horon ya fara sai na ga kamar don ni aka shirya ta. Saurayi ne mai tsabta, da takardu masu launi yana mannawa a bango. Ya ce rigima ba mugun abu ba ce, rashin magana ne ke lalata ta. Ya ce dokokin huɗu ne. Ku zauna fuska da fuska, kujera daidai da kujera. Ku dubi juna cikin ido. Kowa ya fara da faɗin abin da yake ji a ransa, kada ya ɗora laifi. Sannan ka maimaita abin da abokin maganarka ya faɗa, don ya san ka ji. Muka gwada biyu-biyu, ni da wani malamin lissafi muka dubi juna cikin ido har hawaye ya zo mana. Na ɗaga hannu na tambaya, idan akwai tunkiya a tsakani fa? Aka yi dariya, mai horon ya ce a kawar da duk wani shamaki. Ranar ƙarshe aka ba mu takardar shaida mai hatimi, na naɗe ta na dawo gida da ƙarfina.

Bayan la'asar na fito da kujeru biyu na roba na ajiye su suna kallon juna a tsakar gida. Na kamo hannun Inna na zaunar da ita, na zauna gabanta har gwiwa na kusan taɓa gwiwa. Ta karkata wajen turke.

"Ke tunkiya, wa ya rasu?"

"Ba wanda ya rasu, Inna. Magana za mu yi." Na gyara murya, na ɗaga kai na dube ta cikin ido, abin da ban taɓa yi ba. "Inna, ina jin tsoro cikin raina. Ina jin nauyi ga ƙirjina."

"Ke tunkiya, tun yaushe? Wasu mutane na ciwon ƙirji ba su hwaɗi ba?"

Na tuna doka ta huɗu. Na ce, "Na ji kin ce, tun yaushe, wasu mutane na ciwon ƙirji ba su hwaɗi ba."

Ta ce, "Inna lillahi."

Na ce, "Na ji kin ce inna lillahi."

Ta miƙe da saurin da rabon in ga ta yi shi tun ina yaro, ta hau ƙwala wa matata kira. Kafin magariba an aika wurin malamin unguwa an karɓo rubutu, an turara ɗakina da hayaƙi, an hana ni bi ta bakin tabki da rana tsaka. Washegari maƙwabta suka yi ta shigowa suna yi mini sannu, suna magana a hankali, wasu suna jira su ji ko zan maimaita. Matata ta ce in shanye rubutun kawai a zauna lafiya. Na shanye.

Raina ya ɓaci ƙwarai, kuma idan raina ya ɓaci dabara nake yi, wannan shi ne aibina. Na tuna mai horo ya ce a kawar da shamaki. Da sassafe na kwance tunkiya na kai ta garkar wani abokina, lambunsa da ke bakin tabki, na ce ya riƙe mini kwana biyu. Lissafina shi ne, in ba tunkiya, dole Inna ta yi magana da ni.

Da hantsi ta fito ta laluba, ta ji igiya babu kowa. Na tsaya ina jira. Ta dafa turken ta ce, "Kai turke, ka ga abin da aka yi muna ko?"

Na tuge turken na jefa bayan rumbu. Ta sa ƙafa ta lalubo ramin, ta sunkuya. "Kai rame, Allah ya isa tsakaninmu da mai wanga aiki."

Na ɗebo ƙasa na cike ramin, na bi da ƙafa na daddaɓe. Ina haki, ga mutum mai shekara arba'in da shida, malamin makaranta, yana faɗa da rami. Na ce, "Inna, yanzu ba kowa sai ni. Ki yi mini magana."

Ta juya ta shiga ɗaki.

Kwana uku ban ji muryarta ba. Tana magana da auta, tana magana da jikoki, amma da ta ji takuna a zaure sai ta ɗauke wuta. Ba a ce tuwon wasu mutane na ƙarƙashin faifai ba. Ba a ce wasu mutane su ɗauki hula rana ta yi zafi ba. Ko ga-ruwa an daina ɗauka ta. Sai a lokacin na gane yawan maganar da ake yi mini kullum, wadda nake ƙorafin ba a yi. Na riƙa ɗaga faifai da kaina ina cin tuwo ba daɗi. Auta ta zo ta wanke ni tas, ta ce Inna ba ta cin abinci, ta ce karatu bai amfane ni da komai ba. Ranar Talata ce, randebu saura kwana biyu, kuma idon hagu na can yana jiran mu gama shirmenmu.

A daidai nan abokina ya aiko cewa in zo in ɗauki masifata, ta cinye masa fangali biyu na salati ta shiga na kabeji. Na je na ɗauko ta a amalanke, tana zaune bisa buhu cikinta ya yi tim, ni ina biye a ƙasa ina ba mai garka haƙuri. A hanyar nan ne wani abu ya faɗo mini. Idan Inna tana gane takuna tun daga zaure har ta yi shiru, yaya aka yi shekara biyu tana ɗauka ta ga-ruwa? Ga-ruwanmu gurgu ne, da garwa biyu yake shigowa suna ƙara.

Na kafa turke inda yake, na ɗaure tunkiya. Inna na zaune bakin ɗakinta tana jan carbi, ta ji kukan dabbarta amma ba ta motsa ba. Matata ta kwashe yara suka shiga maƙwabta. Ban ɗauko kujera ba. Na zauna a ƙasa kusa da turke, na ba Inna baya, na fuskanci tunkiya. Ban taɓa yi mata magana ba sai ranar, kuma na ji kunya kamar zan nutse.

Na ce, "Ke tunkiya, ki ba mai ɗakin can haƙuri. Wasu mutane sun yi wauta."

Tunkiya ta yi gyatsar kabeji.

Na ce, "Ba gardama na zo yi ba. In ta ce ba ta zuwa, an bari, ba mai ɗaukar ta dole. Abu guda nike so ki tambayar mini. Ba tsoron wuƙa ba ne, na sani, matar da ta haihu tara. In idon ga ya buɗe, mi za ta rasa?"

Carbin ya daina ƙara. Na jima ina kallon kunnen tunkiya, har na fid da rai. Sannan na ji muryar Inna, can ƙasa, ba irin wadda take aika saƙon tuwo da ita ba.

"Ke tunkiya, ke kin san ɗiyanki. Kina lasar su gaban kowa, ba mai ce miki komi." Ta tsaya. "Ni ranar da na haihi nawa na hwari, kau da kai na yi, mata na yaba ni. Aka kai shi Safo ban ce uffan ba. Ya dawo, ƙeyarshi na sani. Shekara talatin da wani abu, in ya juya baya in duba, in ya juyo in dubi ƙasa. Haka aka koya mini, ban kuma ce ba daidai ba ne."

Ban motsa ba.

"Da idon ga ya rufe, sai na ga an sake ni. In juya in dube shi, a ce tsohuwa ba ta gani. In riƙe hannunshi har Maraɗi, a ce jagora ne. In tambaye shi ko ya ci abinci, da bakina, a ce ruɗewa ce. Ba ni ganin komi sai inuwa, amma inuwar tashi ce, kuma gabana take. Yanzu a ce za a gyara mini ido in koma kallon ƙeya? Ki ce ma wasu mutane na gode. Na hi son hakan ga."

Na yi kuka. Ba wani ɓoye-ɓoye, kuka na yi mai sauti, na kifa goshi a wuyan tunkiya, ita kuma ta kama gefen hulata tana tauna. Shekara biyu ina jin haushin uwata ba ta gane ni, ashe a duk gidan ni ne ban gane ba. Ga kuma abin da ya fi damuna: dalilinta ya fi duk hujjojina, amma idon hagu ba ya jin dalili.

Ina cikin haka sai tsohon Sarkin Yamma ya faɗo mini, shi da abin da ya fito da shi daga aljihu. Na share fuska na ƙwace hulata.

Na ce, "Ke tunkiya, akwai abin da ba a hwaɗa ma mai ɗakin can ba. In an gama aikin, tabarau ake ba mutum. Baƙi ƙirin, mai faɗi, har gefe ya rufe. Wanda ya sa shi yana ganin kowa, amma ba mai sanin ina idonshi ya nufa. Ko wanda ke zamne kusa da shi bai sani."

Sai Inna ta yi gyaran murya.

"Ke tunkiya, tambayi, kwana nawa ake sa shi?"

"Likita kan ce sati biyu. Amma ban taɓa jin jandarma sun kama wani don ya wuce haka ba."

"Hannu hwa? Mai tabarau ana riƙe mashi hannu?"

"Tsohuwa mai baƙin tabarau? Wanda bai riƙe mata hannu ba ai shi za a zaga."

Carbin ya ci gaba da ƙara. Na ƙirga ya kai ashirin. Sannan ta ce, da muryarta ta kullum, "Ke, a hwaɗa ma wasu mutane su nemi mota ranar Alhamis. Kada ta zama hwara. Tuwonsu kuma na nan ƙarƙashin faifai tun ɗazu."

An yi aikin, ido ɗaya a wannan zuwa, ɗayan bayan 'yan makonni. Ranar da aka cire bandeji na farko ina tsaye gabanta. Ma'aikaciyar asibitin, yarinya mai fara'a, ta nuna ni ta ce, "Inna, wa kike gani nan?" Inna ta dubi bango ta ce bangon yana son fenti. Yarinyar ta tsorata ta ɗauka aiki bai yi ba, sai da Inna ta ƙirga mata ƙudaje uku da ke bisa taga. Sannan ta miƙa hannu ta ce a ba ta abin da aka yi mata alkawari.

Yau shekara huɗu tabarau ɗin nan na fuskarta. Tana zura allura, tana tsince tsakuwa cikin shinkafa, tana hango jika ya saci ƙuli-ƙuli daga ƙarshen gida, amma idan aka ce ta cire sai ta ce hasken duniya ya yi mata yawa. Da shi take zuwa biki, da shi take zuwa gaisuwar mutuwa. Hannun tabarau ɗin ɗaya ya karye an ɗaure da zare. Auta ta sayo mata sabo mai kyau mai haske-haske, Inna ta ce ba ta so, wannan ana ganin ido. Matan unguwa suna tausaya mata, suna cewa aikin bai kama sosai ba, suna sa mini albarka da suke ganin ina riƙe da hannunta zuwa ko'ina. Mai horon nan na sake haɗuwa da shi a Maraɗi, ya tambaye ni ko dokokin sun yi amfani. Na ce sun yi, sai dai mu a gidanmu baya muke ba juna.

Har yanzu sunana wasu mutane. Amma ba zan manta da yammacin da muka dawo daga aikin farko ba. Ina zaune a tsakar gida ina gyaran takardun yara, Inna na bakin ɗakinta da sabon tabarau, fuskarta na wajen turke, ko kusa da haka. Ni kuma ban ɗaga kai ba, na dai ɗan gyara zama yadda haske zai same ni.

"Ke tunkiya," ta ce, "tabon ga na ƙarƙashin haɓar wasu mutane, mi ya same su?"

Na ajiye bik ɗin da nake rubutu da shi na fuskanci tunkiya. Na ce mata daga bisa mangwaro na faɗo a Safo, ina ɗan shekara tara, kaka ta sa mini toka ta ɗaure da tsumma.

"An yi kuka?"

Na ce an yi, an kira Inna ma.

Ta sa gefen mayafi ta ƙarƙashin tabarau ta goge, ba ta cire shi ba. Ta ce wa tunkiya, "Ki ce mashi sannu."